Ɗan Damina Da Rajistar Satumba: A Sa Shi Bana Ko A Bari Sai Baɗi?



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku 'yan uwana masu karatu, yau ina so mu tattauna wata mas'ala da ake ganin ƙarama ce, alhali kuwa tana iya bin yaro har ƙarshen karatunsa. Na san da yawanku ba su daɗe da aure ba, wasu kuma ko ba su yi ba, su ne 'yan bokon gidansu, su ake tambaya idan za a kai ƙane ko ƙanwa makaranta. Mas'alar ita ce ta yaron da aka haifa cikin damina, a watan Yuli ko Agusta, irin wanda kakanninmu kan yi wa laƙabi da Anaruwa ko Marka ko Nomau. Sabuwar shekarar karatu tana farawa ne a watan Satumba. Ke nan ranar da za a buɗe rajista, shi bai wuce 'yan makonni da cika shekarunsa ba. To a sa shi bana ya zama autan aji, ko a dakata sai baɗi ya shiga yana cikin manya?

Tun da na fara koyarwa a Islamiyya a nan ƙasar Anka, babu shekarar da ba a yi mini wannan tambaya ba, kuma ni ma ta zo mini har cikin gida. Zan faɗi abin da na fahimta da abin da na aikata, sannan in faɗi inda nake jin tsoro, domin jinkiri a wurinmu yana da wata fuska da ba lallai ne mutanen wasu ƙasashe su san ta ba.

Daga ina matsalar ta taso?

Tsarin ilimi na ƙasa ya ajiye shekara 6 a matsayin shekarun shiga aji ɗaya na firamare. Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a watan Satumba na 1999, wanda ya zama doka a 2004, ya wajabta wa kowane yaro shekara 9 na karatun tushe kyauta, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, ya kuma ɗora wa iyaye alhakin kai shi. Amma abin da ke faruwa a aikace daban ne. Makarantun kuɗi da yawa suna karɓar ɗan shekara 5 a aji ɗaya, wasu ma wanda bai kai ba, muddin ya bi ta nazare. Daga baya kuma a tsallake da shi aji shida, ya faɗa sakandare yana ɗan shekara 10 ko ƙasa da haka. Iyaye suna murna, ana cewa yaro yana da ƙwaƙwalwa, an ci ribar shekara biyu.

Iyayenmu suna ba mu labarin yadda ake gwajin shiga firamare a zamaninsu: a ce yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnensa na ɗaya ɓarin. In ya kamo an ɗauke shi, in bai kamo ba a ce ya koma gida sai wata shekara. Muna yi wa wannan gwaji dariya a yau, amma ko ba komai su yaron suke dubawa. Mu kuwa yanzu yaron maƙwabta muke dubawa.

Ku lura da wannan lissafi. A aji guda za a sami wanda aka haifa a watan Satumba da wanda aka haifa a watan Agustan da ya biyo baya. Tsakaninsu wata 11 ne. Ga baligi wata 11 ba komai ba ne, amma ga ɗan shekara 5, wanda duk rayuwarsa wata 60 ce, wannan ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na zamansa a duniya. A cikin waɗannan watanni ne yatsu ke ƙwari su iya riƙe fensir, harshe ya saki, yaro ya iya zama wuri ɗaya ya saurari malami, ya iya faɗin cewa yana jin fitsari kafin ta ƙwace masa. Sai a haɗa su jarrabawa ɗaya, a ce wannan ya zo na 3, wancan ya zo na 40. Shi na 40 ɗin bai san wani lissafin watanni ba. Abin da ya sani kawai shi ne an ce masa daƙiƙi, kuma sau da yawa yakan yarda.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu musamman. Gidaje da yawa suna riƙe haihuwa da watan Musulunci, a ce an haife shi cikin azumi ko bayan babbar salla. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Saboda haka yaron da ya ga salla shida, a lissafin makaranta saura masa fiye da wata biyu kafin ya cika shekara 6. Inda babu takardar haihuwa kuwa, sai a yi kirdado, kirdadon kuma yakan karkata ne wajen abin da iyaye suke so.

Wannan damuwa ba mu kaɗai ke da ita ba. A Ingila yara suna fara makaranta ne a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsu shekara 4, kuma binciken da aka yi a can ya nuna cewa 'yan Agusta, a jimlace, suna kasa 'yan Satumba a sakamakon jarrabawa, ko da yake tazarar tana raguwa yayin da suke girma. Shi ya sa tsarinsu ya bai wa iyayen yaron da aka haifa tsakanin 1 ga Afrilu da 31 ga Agusta damar su dakata shekara guda, su kuma nemi izinin ya fara daga ajin farko. A ƙasar Finland kuwa sai a shekarar da yaro zai cika 7 yake shiga firamare, kuma wannan bai hana a riƙa buga misali da makarantunsu ba.

Abin da magabata suka duba

Lokacin da muke karanta ilimin Musɗalahul Hadisi, akwai wani babi da na daɗe ina tunani a kansa, wato babin shekarun da ake karɓar abin da yaro ya ji. Imamul Bukhari ya kawo a Kitabul Ilmi labarin sahabi Mahmud ɗan Rabi'u (RA), wanda ya riƙe a zuciyarsa lokacin da Manzon Allah (SAW) ya yi masa wasa da ruwan guga yana ɗan shekara 5. Saboda wannan, malaman hadisi da yawa suka ɗauki shekara 5 a matsayin iyaka. Amma Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan Hijira, ya rinjayar da cewa kowane yaro halinsa ake dubawa: in yana fahimtar magana yana kuma mayar da amsa daidai, an karɓa ko da bai kai biyar ba, in kuwa ba ya yi, ba a karɓa ko da ya wuce. An ruwaito ma cewa wani malamin hadisi, Musa ɗan Haruna, ya sanya ma'aunin a kan yaro ya iya bambance saniya da jaki. Wannan shi ne abin da malamai ke kira tamyizi, wato wayo ko rarrabewa, kuma malaman fiƙihu da dama, har da na Malikiyya, da irin wannan siffa suka bayyana shi.

Haka nan hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sanya shekara 7 ne lokacin fara umartar yaro da salla. Salla ce fa, ginshiƙin addini. In shari'a ta yi wa yaro haƙuri a kanta har zuwa shekara 7, ina dalilin da zai sa mu ɗauki ɗan shekara 4 da bai iya rubuta sunansa ba a matsayin wanda duniya ta wuce ta bari? Ibn Khaldun ma a Muƙaddimarsa ya yi gargaɗi a kan ɗora wa mai koyo abin da ya fi ƙarfin fahimtarsa, da kuma tsanantawa ga ƙananan yara, ya nuna cewa hakan yana kashe musu zuciya, ya sa su ƙi ilimin, ya koya musu ƙarya da ɓoye-ɓoye.

Wani zai ce, ai mu tun muna 'yan shekara 3 aka kai mu makarantar allo, me ya same mu? Gaskiya ne. Amma ku tuna yadda makarantar allo take. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Ƙarami ya bi yayyensa, ya zauna a gefe yana jin karatu, ya yi barci in barci ya zo. In malam ya ga ya kai, ya fara masa babbaƙu, in sun zauna a shiga farfaru. Ba a wanke allo sai an iya abin da ke kai. Babu ranar da ake tara kowa a ce wane na ɗaya, wane na ƙarshe. A irin wannan tsari watan haihuwa ba ya cutar da kowa. Tsarin aji kuwa, wanda boko ya zo da shi, mu ma Islamiyyu muka ara, ayari ne da ke tashi lokaci ɗaya ya sauka lokaci ɗaya, kuma ba ya jiran mai gajeriyar ƙafa.

Yadda ta kasance a gidana

Ɗana na biyu an haife shi ne a tsakiyar watan Agusta na 2019, ana tsaka da marka. Da Satumbar 2024 ta zo, bai fi wata ɗaya da cika shekara 5 ba. Sa'o'insa biyu na unguwa, waɗanda suka girme shi da wata takwas da wata goma, aka ɗinka musu kayan makaranta. Ni da mai ɗakina muka zauna muka dube shi. Yaro ne mai baki, ya riƙe ƙananan surori da dama da ka, amma in ka ba shi fensir sai ya dunƙule shi kamar muciya, kuma ba ya iya zaman minti goma a kan abu ɗaya. Muka yi istihara, muka yanke shawarar sai baɗi.

Mahaifiyata ce ta fara kirana. Ta ce, "Malam, mi kaka jira da yaron ga? Ɗiyan mutane duk sun shiga, kai da kake malami naka na gida?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba hana shi zan yi ba. Ke kika koya mini cewa gero da dawa rana ɗaya ake shuka su, amma ba rana ɗaya ake yanka su ba. In Allah Ya kai mu baɗi war haka, da hannuna zan kai shi." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ka riƙe alkawari. Na ga waɗanda anka ce ma baɗi, har yau baɗin ba ta zo ba." Wannan magana tata ta fi duk abin da na karanta a kan mas'alar nauyi, kuma zan dawo kanta.

Shekarar ba mu bar ta ta tafi a banza ba. Da safe yana bin yayarsa makarantar allo. Da yamma uwarsa tana sa shi ƙirga ƙwallayen goruba da murafan kwalba, yana zana haruffa a ƙasa da tsinke kafin a koma takarda. Muka sa shi ya saba da saka riga da takalmi da kansa, da kai saƙo gidan kakarsa ya dawo da amsa daidai. A Satumbar 2025 ya shiga aji ɗaya yana da shekara 6 cif. Ba zan ce muku ya zama gagarau ba, gaibu na Allah ne. Abin da na gani dai shi ne yana tashi da safe yana ɗokin tafiya, kuma in ya dawo shi ke tare ni da labarin abin da aka koya musu.

Game da ribar shekaru da ake kwaɗayi kuwa, ku yi lissafi. Wanda ya shiga aji ɗaya da shekara 6, ya yi shekara 12 na firamare da sakandare, zai gama yana da kimanin 18. Wanda aka sa da shekara 4 aka kuma tsallake masa aji shida zai gama yana da 15. A watan Yuli na 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya nemi a tsayar da shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Wanda ya gaje shi, Dokta Tunji Alausa, ya mayar da ita 16, kuma a kan haka aka tsaya a taron hukumar JAMB na 2025. Ke nan wanda aka yi ta gudu da shi zai iso ƙofa ya tarar da ita a rufe, ya zauna jira. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Inda nake jin tsoro

Yanzu bari in koma ga maganar Inna. Baturen Ingila in ya ce sai baɗi, ya san baɗi makarantar tana nan, malamin yana nan, hanyar tana nan. Mu a yammacin Zamfara ba mu da wannan tabbaci. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talatar Mafara. A watan Satumba na wannan shekarar, bayan sace ɗalibai a garin Kaya na Maradun, aka rufe makarantun jihar gaba ɗaya. Ƙauyuka nawa ne a ƙasar Anka da Bukkuyum suka tashi, mutanensu suka dawo cikin gari gudun hijira? A watan Agusta na 2024 ambaliya ta cinye gidaje masu yawa a Gummi, ana dab da komawa makaranta. Duk irin wannan in ta faru, yaron da sunansa ke cikin rajista yakan koma in an buɗe, domin akwai inda ya tsaya. Wanda ba a taɓa rubuta sunansa ba kuwa, shi ne ake mantawa da shi. Bana a ce ya yi ƙanƙanta, baɗi a ce ba kwanciyar hankali, baɗin waccan a ce ya yi girma da zama cikin yara, sai gona ko kiwo ko ramin zinariya.

Abin ya fi tsanani ga 'ya mace. A gidajen da ake aurar da yarinya da zarar ta tasa, duk shekarar da aka rage mata a farko, daga ƙarshen karatunta aka yanke ta. Wadda ta shiga da shekara 6 tana iya kammala ƙaramar sakandare tana da 15. Wadda aka bari sai 8, watakila a tsakiya za a cire ta. Saboda haka in uba ya tambaye ni game da 'yarsa da ta cika shekara 6, ko da jiya ta cika, amsata ita ce ya kai ta bana.

Akwai kuma jinkirin da yake ɓoye cuta. Mu mutanen wannan yanki ba za mu manta da 2010 ba, shekarar da aka gano gubar dalma a garuruwa irin su 'Yargalma a Bukkuyum, da Dareta da Abare da Bagega a Anka, sakamakon daka da niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubbai magani, Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, kuma ɓarnarta mafi girma a ƙwaƙwalwa take: jinkirin magana, rashin natsuwa, wahalar riƙe karatu. Haka ma tamowa, da rashin ji sosai, da raunin gani. Yaron da ke fama da ɗaya daga cikin waɗannan, zaman shekara ɗaya a gida ba zai warkar da shi ba. In ɗanka ya kai shekara 4 ko 5 ba a gane maganarsa, ko ba ya juyowa in an kira shi daga baya, ko ana sarrafa dutsen zinariya kusa da inda yake wasa, asibiti za ka fara kai shi kafin a yi zancen bana ko baɗi.

To mene ne abin yi?

Abin da nake gaya wa iyayen ɗalibaina shi ne: wanda bai cika shekara 6 ba, musamman ɗan Yuli da Agusta da ake so a tura aji ɗaya yana da 5, babu laifi a dakata masa, sau da yawa ma hakan ne alheri. Ku zauna da shi ku gwada shi kamar yadda magabata suka yi. Ku ba shi saƙo mai gaɓa biyu ku ga ko zai isar. Ku ba shi gajeriyar tatsuniya ku ce ya maimaita. Ku duba ko yana iya rabuwa da uwarsa na rabin yini, yana kuma iya kula da tsarkinsa. Wanda ya cika 6 kuwa a kai shi, ko da shi ne ƙarami a aji, sai dai a sanar da malaminsa watan haihuwarsa, a kuma daina auna shi da matsayin da ya zo a takardar sakamako.

In kun yanke shawarar dakatawa, to ku yanka mata wa'adi. Ku ambaci watan da shekarar a gaban wani babba da kuke jin nauyinsa, wanda zai tuhume ku in lokaci ya yi. Ku je wurin hedimasta tun bana ku sanar da shi. Ku nemo wa yaron takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin kada shekarunsa su zama abin gardama. Ku fara tara kuɗin kayan makaranta tun daga kakar bana. Sannan ku cika masa shekarar da allo da ƙirga da hira, kada ta zama shekarar talla.

Ina kuma kira ga 'yan uwana malaman Islamiyya. Mu ma muna da rajista, muna da jarrabawa, muna kiran na ɗaya da na ƙarshe a gaban iyaye ranar rabon sakamako. Mu riƙa rubuta watan haihuwar yara a ajin farko. Kafin mu ɗaga murya a kan wanda ya kasa haɗa baƙi, mu duba ko shi ne ƙaramin cikinsu. Yaron da ya tsani allo saboda mu yana ɗan shekara 5, da wuya wani ya sake sa masa ƙaunarsa yana ɗan 15, kuma za a tambaye mu.

'Ya'ya amana ce, kuma kowannensu da lokacin da Allah Ya ajiye masa na buɗewar fahimta. Kada gasa da maƙwabta ta sa mu tura su kafin su kai, kada kuma sakaci ya sa mu bar su har lokaci ya wuce. Wanda yake da wata fahimta da ta saɓa wa tawa, musamman malaman firamare da suka fi ni sanin aji ɗaya, ina maraba da gyaransa.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya jiƙan yaran da muka rasa. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.